Yadda Za Ka Bibiyi Sauyin Bayanai a Teburan PostgreSQL Kafin Ƙididdigarsu Ta Tsufa

Idan tambayar da ta saba dawo da amsa cikin ƙiftawar ido ta koma tana cin minti biyu, alhali babu wanda ya taɓa manhajar, kada ka yi gaggawar ɗora wa saba laifi ko ka fara neman kuɗin ƙara mata ƙarfi. Fara da duba ƙididdigar teburin. PostgreSQL, tsarin adana bayanai a tebura, ba ya karanta tebur gaba ɗaya kafin ya yanke shawarar yadda zai amsa tambaya. Yana da wani sashe mai tsara hanya, wanda ke duba taƙaitaccen bayanin da aka adana game da kowane ginshiƙi: ƙimomi nawa ne mabambanta, waɗanne ne suka fi yawa, daga ina zuwa ina suka bazu. Da wannan yake ƙiyasta layukan da za su fito, kuma da ƙiyasin yake zaɓar ko ya bi fihirisa (index) ko ya karanta teburin daga farko zuwa ƙarshe, da kuma yadda zai haɗa tebur da tebur.

Umarnin ANALYZE ne ke tattara wannan bayani. Daga lokacin da ya gama, bayanin ya tsaya cak, teburin kuwa yana ci gaba da sauyawa. Aikinka shi ne ka san nisan da ke tsakanin biyun a kowane lokaci. PostgreSQL yana ƙirga maka sauyin, amma ƙirgan nan yana faɗa maka layuka nawa aka taɓa ne kawai, ba ya faɗa maka ko siffar bayanan ta canza. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai sha wuya a manyan tebura.

Mataki na farko: tabbatar ana ƙirgawa

```
SHOW track_counts;
SHOW autovacuum;
```

Dukansu biyu su nuna on. Haka suke zuwa tun asali, amma akwai masu kashe autovacuum, wato aikin da ke tsaftace tebura ya kuma yi musu ANALYZE da kansa, lokacin loda bayanai masu yawa su manta ba su kunna ba. Idan track_counts a kashe yake, autovacuum ba shi da abin da zai duba, domin da waɗannan lissafe-lissafen yake sanin teburin da ke buƙatar aiki.

Mataki na biyu: karanta ma'aunin

```
SELECT schemaname, relname, n_live_tup,
       n_mod_since_analyze, last_analyze, last_autoanalyze
FROM pg_stat_user_tables
ORDER BY n_mod_since_analyze DESC
LIMIT 20;
```

Ginshiƙin n_mod_since_analyze, wanda ya shigo a sigar 9.4 ta shekarar 2014, shi ne zuciyar aikin. Yana tara duk layin da aka shigar, aka gyara ko aka goge tun daga ANALYZE na ƙarshe. Akwai halayensa da ya kamata ka sani kafin ka amince da abin da ya nuna maka.

Yana ƙirga ma'amalar (transaction) da aka kammala da COMMIT ne kawai. 'Yan uwansa n_tup_ins da n_tup_upd da n_tup_del kuwa suna ƙirga har wadda aka soke da ROLLBACK. Saboda haka idan ka ga n_tup_ins yana gudu amma n_mod_since_analyze bai motsa ba, ba kuskure ba ne. Wata manhaja ce ke shigar da layuka tana sokewa, kuma wannan wata matsala ce ta daban da za ka bi sawunta.

Sannan ba nan take yake sabuntawa ba. Ma'amalar da ke kan gudana ba ta bayyana sai ta ƙare, don haka lodin da ya kwashe awa uku cikin ma'amala guda zai faɗo wa ma'aunin ne gaba ɗaya a ƙarshe. Haka kuma idan kai da kanka kana cikin BEGIN kana maimaita tambayar, za ka riƙa ganin tsohuwar lamba, domin PostgreSQL yana riƙe abin da ka fara karantawa har ma'amalarka ta ƙare. Fita daga cikinta, ko ka kira pg_stat_clear_snapshot().

Abu na uku shi ne wanda ya fi ruɗa mutane. Idan ka yi ANALYZE a kan wasu ginshiƙai kaɗan, misali ANALYZE biyan_kudi (matsayi), ma'aunin ba zai koma sifili ba. Sai an nazarci teburin gaba ɗaya yake komawa. Wannan daidai ne, tunda sauran ginshiƙan suna nan da tsohon bayaninsu.

Mataki na uku: lissafa haddin da autovacuum ke jira

Autovacuum yana zagayowa kowane rumbun bayanai kusan duk minti ɗaya, ya gwada ma'aunin kowane tebur da wani haddi. Haddin shi ne autovacuum_analyze_threshold, wanda asalinsa 50 ne, a tara da autovacuum_analyze_scale_factor, wanda asalinsa 0.1 ne, sau yawan layukan teburin kamar yadda aka rubuta a pg_class.reltuples. A taƙaice, layi 50 da kashi 10 cikin ɗari na teburin.

Ga ƙaramin tebur wannan ya wadatar. Mai layi 2,000 zai sami sabon nazari da zarar an taɓa layi 250. Amma ɗauki misalin tebur mai suna biyan_kudi, na wani kamfani da ke karɓar kuɗi ta waya, a ce ya kai layi miliyan 40, kuma kullum ana taɓa layi 100,000. Haddinsa miliyan 4 da 50 ne. Kwana 40 ke nan kafin autovacuum ya waiwaye shi. A tsawon wannan lokaci mai tsara hanya bai san komai ba game da bayanan wata guda da kwana goma, waɗanda kuwa su ne kowa ke tambaya: biyan yau, na jiya, na wannan mako. Kuma kullum teburin na ƙara girma, tazarar na ƙara faɗi.

Ba PostgreSQL kaɗai ke da wannan hali ba. Oracle yana ajiye irin wannan ƙirga a DBA_TAB_MODIFICATIONS, ya ɗauki ƙididdiga a matsayin wadda ta tsufa idan sauyi ya kai kashi 10 cikin ɗari. InnoDB na MySQL ma kashi 10 yake jira. SQL Server ya daɗe a kan layi 500 da kashi 20, har sai da sigar 2016 ta mayar da haddi mai raguwa gwargwadon girman tebur ya zama na asali, saboda wannan matsala ta manyan tebura. A PostgreSQL kai ne za ka yi wannan gyara da hannunka, tebur bayan tebur.

Ga tambayar da za ta ajiye maka sauyi kusa da haddi:

```
SELECT s.relname,
       s.n_mod_since_analyze AS sauyi,
       round(current_setting('autovacuum_analyze_threshold')::numeric
           + current_setting('autovacuum_analyze_scale_factor')::numeric
           * greatest(c.reltuples, 0)::numeric) AS haddi,
       c.reloptions,
       greatest(s.last_analyze, s.last_autoanalyze) AS nazarin_karshe
FROM pg_stat_user_tables s
JOIN pg_class c ON c.oid = s.relid
ORDER BY sauyi DESC;
```

Na sa greatest a kan reltuples ne domin daga sigar 14 teburin da ba a taɓa nazarta ba yana nuna -1. Na kuma fito da reloptions domin lissafin haddin nan na saitin gama-gari ne. Idan tebur yana da nasa saitin, a can za ka gan shi, kuma shi ne ke aiki.

Karanta sakamakon da ido biyu. Inda sauyi ya zarce haddi kuma ya daɗe a haka, autovacuum ne bai iso ba. Ma'aikatansa uku ne kacal a saitin asali, kuma idan duka ukun sun maƙale a tsaftace manyan tebura, sauran sai su yi ta jira. Inda kuma sauyi bai kai haddi ba amma nazarin ƙarshe ya yi makonni, autovacuum yana bin ƙa'idarsa daidai, ƙa'idar ce ba ta dace da teburin ba. Maganin na farko daban, na biyun daban.

Mataki na huɗu: ajiye tarihi

Dubawa sau ɗaya tana nuna maka inda ake ne, ba ta nuna saurin tafiya. Kuma n_mod_since_analyze yana komawa sifili duk bayan nazari, ya tafi da labarin abin da ya wuce. Don haka ka buɗe naka teburin:

```
CREATE TABLE tarihin_sauyi (
  lokaci         timestamptz DEFAULT now(),
  relid          oid,
  suna           text,
  shiga          bigint,
  gyara          bigint,
  gogewa         bigint,
  tun_nazari     bigint,
  nazarin_karshe timestamptz
);

INSERT INTO tarihin_sauyi
  (relid, suna, shiga, gyara, gogewa, tun_nazari, nazarin_karshe)
SELECT relid, schemaname || '.' || relname,
       n_tup_ins, n_tup_upd, n_tup_del, n_mod_since_analyze,
       greatest(last_analyze, last_autoanalyze)
FROM pg_stat_user_tables;
```

Sa INSERT ɗin ya riƙa gudana duk awa ɗaya, ta cron na Linux, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, ko ta pg_cron idan kana da shi. Bayan mako biyu, ciro bambancin da ke tsakanin awa da awa:

```
SELECT lokaci,
       shiga  - lag(shiga)  OVER w AS sabbi,
       gyara  - lag(gyara)  OVER w AS gyararru,
       gogewa - lag(gogewa) OVER w AS gogaggu
FROM tarihin_sauyi
WHERE suna = 'public.biyan_kudi'
WINDOW w AS (PARTITION BY relid ORDER BY lokaci)
ORDER BY lokaci;
```

A nan halin kowane tebur ke fitowa fili. Wani sai ƙari kawai ake masa, a hankali, dare da rana. Wani yana kwance shiru har ƙarfe biyun dare, sai lodi ya sauko masa gaba ɗaya. Wani kuma a ƙarshen wata yake tashi, lokacin albashi. Akwai wanda kusan duk sauyinsa gyara ne a kan ginshiƙi guda, kamar teburin masu shiga manhaja da ake sabunta lokacin ganinsu na ƙarshe duk bayan daƙiƙoƙi. Wannan na ƙarshen ma'auninsa yana kumbura ba tare da wani abin kirki ya canza ba, sai autovacuum ya yi ta nazarinsa sau da yawa a yini a banza.

Idan ka ga bambanci ya fito da alamar ragi, ma'aunin ne aka share. Za mu zo kan wannan a ƙasa, domin yana da muhimmanci. Kada kuma ka manta ka riƙa goge tarihin da ya wuce wata uku, kada teburin sa ido ya zama shi ma abin sa wa ido.

Mataki na biyar: gwada ƙirgan da gaskiyar tambayoyi

Wannan matakin ne ya fi cancantar lokacinka. Ka san cewa mai tsara hanya ba ya ruɗewa sosai game da jimillar layukan tebur, domin yana duba girman teburin a faifai a daidai lokacin tambaya, ya daidaita ƙiyasinsa da shi. Abin da ke tsufa shi ne rabon ƙimomi a cikin ginshiƙai. Kuma rabo yana iya lalacewa da sauyin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Koma kan biyan_kudi. A ce ginshiƙin matsayi yana da ƙima uku tun fil azal: an_biya, ya_gaza, ana_jira. Ranar Litinin masu manhaja suka ƙara ta huɗu, mayarwa, kuma zuwa Juma'a ta sami layi 80,000. A tebur mai miliyan 40 wannan ɗigo ne, ma'auni bai ko kusanci haddi ba. To duba abin da PostgreSQL ya sani:

```
SELECT n_distinct, most_common_vals, most_common_freqs
FROM pg_stats
WHERE tablename = 'biyan_kudi' AND attname = 'matsayi';
```

Za ka ga ƙima uku, kuma rabonsu ya cinye teburin duka. A wurin mai tsara hanya, mayarwa ba ta da wurin zama. Sai ka tambaye shi:

```
EXPLAIN (ANALYZE, BUFFERS)
SELECT b.lamba, a.suna
FROM biyan_kudi b
JOIN abokan_ciniki a ON a.lamba = b.abokin_ciniki
WHERE b.matsayi = 'mayarwa';
```

A kowane layi na sakamakon akwai rows sau biyu. Na farko, wanda ke kusa da cost, ƙiyasi ne. Na biyu, wanda ke bayan kalmar actual, shi ne abin da aka tarar. A misalinmu za ka ga na farko yana cewa rows=1, na biyu yana cewa rows=80000. Da yake yana zaton layi ɗaya ne zai fito, sai ya zaɓi Nested Loop, wato ya je teburin abokan ciniki ya nemo na layin nan guda. Ya ƙare yana zuwa sau 80,000. Idan kuma akwai tebur na uku da na huɗu a tambayar, kuskuren yana ninkuwa ne a kowace haɗa. Lura da loops ma: rows na zahiri matsakaici ne na kowane zagaye, sai ka ninka shi da loops kafin ka gwada.

Gargaɗi guda: EXPLAIN ANALYZE yana gudanar da tambayar da gaske. Idan UPDATE ce ko DELETE, sa ta tsakanin BEGIN da ROLLBACK.

Ginshiƙin kwanan wata yana da irin wannan cuta ta wata fuska. Duba histogram_bounds na ranar_biya a pg_stats, ka kalli ƙimar ƙarshe. Ita ce ranar da ilimin mai tsara hanya ya tsaya. Duk tambayar da ke neman abin da ya biyo bayanta, zai ɗauka kusan babu komai a wurin. PostgreSQL yana da wata dabara ta rage wannan: idan ginshiƙin yana da fihirisa, yakan leƙa ya ga ainihin ƙima mafi girma. Tana taimakawa, amma ba ta gaya masa yawan layukan da suka taru a sabon yankin daidai, kuma ginshiƙin da ba shi da fihirisa bai sami ko wannan ba.

Ni dai ma'aunina shi ne, idan ƙiyasi da zahiri sun bambanta da ninki biyu ko uku, ba na damuwa. Idan sun kai ninki goma, ina dubawa. Idan ɗari ne, akwai gyara. Ka yi ANALYZE biyan_kudi da hannu, ka sake EXPLAIN. Idan ƙiyasin ya dawo hanya, tsufa ne matsalar, sai ka wuce mataki na shida. Idan bai dawo ba, yawan nazari ba zai amfane ka ba, sai mataki na bakwai.

Kada tsoro ya hana ka yin ANALYZE da rana. Ba ya hana karatu ko rubutu a teburin. Abin da yake karo da shi shi ne VACUUM mai tsaftace tebur, da wani ANALYZE a kan teburin guda, da masu sauya tsarin tebur irin su ALTER TABLE. Kuma ba ya karanta teburin duka. Samfuri yake ɗiba, kamar yadda mai sayen hatsi a Dawanau ke soka buhu ya duba tafin hannu guda: layi 300 sau default_statistics_target, wanda asalinsa 100 ne, wato layi 30,000, ko teburin miliyan ɗaya ne ko miliyan ɗari. Daga sigar 13 kana iya kallon yadda yake tafiya a pg_stat_progress_analyze.

Mataki na shida: ba kowane babban tebur nasa haddin

Kada ka rage saitin gama-gari don tebur biyar. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Tarihin da ka tara ya riga ya gaya maka sauyin yini, sai ka yanke sau nawa kake son a nazarci teburin. Ga biyan_kudi, mai sauyi 100,000 a yini, idan kana son nazari kamar sau biyu a rana:

```
ALTER TABLE biyan_kudi SET (
  autovacuum_analyze_scale_factor = 0,
  autovacuum_analyze_threshold    = 50000
);
```

Na fi son mayar da kason sifili a manyan tebura masu girma kullum, domin haddin ya tsaya wuri guda, kada ya riƙa gudu gaba yayin da teburin ke ƙaruwa. Illarsa ita ce idan kasuwa ta buɗe sauyin ya ninka sau goma, nazarin ma zai ninka, don haka ka riƙa waiwayar lambar lokaci zuwa lokaci. Ga teburin masu shiga manhaja da ma'auninsa ke kumbura a banza, akasin haka za ka yi, ka ɗaga haddin.

Teburin da ake loda wa bayanai da dare kuwa, kada ka bar shi ga autovacuum ko kaɗan. Rubuta ANALYZE a cikin aikin lodin, bayan COMMIT, kafin rahotanni su fara gudana. Ko da haddin ya cika, tsakanin ƙarewar lodi da isowar autovacuum ana iya samun minti ɗaya ko fiye, kuma a daidai wannan tazarar ce rahoton farko ke ɗaukar muguwar hanya ya kwana a kanta. Haka ma wanda ake yi wa TRUNCATE, wato a kwashe duka layukansa, a sake cikawa. TRUNCATE ba ya shiga ƙirgan gogewa, ba ya kuma share tsohuwar ƙididdiga. Yin ANALYZE a kan teburin da babu komai cikinsa ma ba ya share ta. Sai an cika shi tukuna.

Domin ka ga abin da ke faruwa, saita log_autovacuum_min_duration. Daga sigar 15 asalinsa minti 10 ne, wanda ke nufin yawancin nazari ba sa fitowa a kundi. Mayar da shi 0 na mako guda bayan ka yi gyara, ka ga ko abin da ka tsara shi ke gudana.

Mataki na bakwai: inda sabon nazari bai wadatar ba

Wani lokaci samfurin ne ya yi kaɗan. Ginshiƙi mai ƙimomi dubbai, wasu da yawan gaske wasu ƙalilan, jerin ƙimomi 100 mafi yawa ba zai ɗauke shi ba. Ƙara wa ginshiƙin shi kaɗai:

```
ALTER TABLE biyan_kudi ALTER COLUMN wakili SET STATISTICS 1000;
ANALYZE biyan_kudi;
```

Iyakarsa 10,000 ne, amma kada ka yi tsalle zuwa can. Samfurin teburin gaba ɗaya yana bin ginshiƙin da ya fi girman saiti, kuma tsara tambaya ma yana ƙara ɗaukar lokaci.

Wani lokacin kuma ginshiƙai biyu ne ke da alaƙa, mai tsara hanya kuwa yana ɗaukar su baƙin juna. Tambaya mai cewa jiha Kano ce kuma ƙaramar hukuma Fagge ce, zai ninka kason Kano da kason Fagge, ya fito da lamba ƙarama ƙwarai, bai san duk layin Fagge na Kano ba ne. Komai yawan ANALYZE wannan ba zai gyaru ba. Tun sigar 10 akwai magani, kuma sigar 12 ta ƙara masa mcv, wato jerin haɗin ƙimomin da suka fi yawa:

```
CREATE STATISTICS jiha_da_karamar_hukuma (dependencies, mcv)
ON jiha, karamar_hukuma FROM biyan_kudi;
ANALYZE biyan_kudi;
```

Mataki na takwas: wuraren da ma'aunin ba ya gani

Tebur mai ɓangarori shi ne babban rami. Autovacuum yana nazartar kowane ɓangare, amma ba ya taɓa uwar teburin, alhali tambayar da ta ratsa ɓangarori da yawa tana dogara da ƙididdigar uwar. Dole ka tsara mata ANALYZE da kanka, musamman bayan buɗe sabon ɓangare na wata. Kafin sigar 18, nazartar uwa yana jan duka ɓangarorin. Sigar 18 ta 2025 ta kawo ANALYZE ONLY, wanda ke sabunta na uwar kaɗai.

Teburan wucin gadi, waɗanda aka buɗe da CREATE TEMP TABLE, autovacuum ba ya iya shiga cikinsu. Duk aikin da ke cika irin wannan tebur da layuka masu yawa sannan ya haɗa shi da wasu, ya yi masa ANALYZE a tsakani. Teburan da ke zaune a wata saba ake leƙo su ta postgres_fdw su ma ba a nazartarsu sai da hannu.

Sauyin tsari ma ba ya motsa ma'auni. Idan ka canza nau'in ginshiƙi da ALTER COLUMN TYPE, ƙididdigar ginshiƙin tana tafiya. Idan ka gina fihirisa a kan lissafi, kamar lower(suna), ba ta da ƙididdiga sai an yi nazari. A duka biyun n_mod_since_analyze zai nuna maka komai lafiya.

Mataki na tara: ranar da ma'aunin ya koma sifili

Waɗannan lissafe-lissafen ba a cikin tebura suke zaune ba. Daga sigar 15 ta 2022 a ƙwaƙwalwar saba ake riƙe su, a rubuta su a faifai idan an kashe ta cikin tsari. Idan kuwa ta faɗi ba shiri, bayan ta farfaɗo duka sun koma sifili. Bayananka suna nan lafiya, ƙididdigar da ke pg_stats ma tana nan, amma teburin da ya tara sauyi miliyan uku da rabi yana dab da haddi ya koma farawa daga farko, wato wasu kwana 40 a kan waɗanda suka wuce. Duk wanda sabarsa ke ofis, inda wuta ke ɗaukewa kuma batir ko janareta ke iya ƙin ɗauka, wannan ba labarin nesa ba ne gare shi. Saba da ke faɗuwa duk bayan 'yan makonni tana iya shekara babban teburinta bai kai haddi ba ko sau ɗaya.

Haka abin yake idan wani ya kira pg_stat_reset() don ya fara wani awo daga sifili. Haka kuma idan aka ɗaga sabar ko-ta-kwana ta zama babba: ƙididdigar tana bin kwafi ta iso, ƙirgan sauyi kuwa ba ya bi. Tarihinka zai nuna maka ranar da alamar ragi, kuma ginshiƙin stats_reset na pg_stat_database yana taimakawa wajen gano lokacin.

A duk waɗannan, abin yi guda ne, nazartar rumbun gaba ɗaya:

```
vacuumdb --all --analyze-only --jobs=4
```

Bayan pg_restore, wato dawo da rumbu daga kwafin ajiya, ma haka za ka yi. Bayan ɗaga siga da pg_upgrade zuwa wadda ba ta kai 18 ba kuwa lamarin ya fi tsanani, domin babu ƙididdiga ko ɗaya da ke ƙetarewa. A nan yi amfani da --analyze-in-stages, wanda ke fara zagaye mai sauri da ƙaramin samfuri don saba ta sami abin kamawa, sannan ya sake biyu masu zurfi. Amma kada ka yi amfani da shi a kan rumbun da ke da ƙididdigarsa, domin zagayen farko zai maye gurbin mai kyau da maras kyau na ɗan lokaci. Sigar 18 tana ƙetarar da yawancin ƙididdiga, ban da wadda ka gina da CREATE STATISTICS.

Mataki na goma: sa ƙararrawa

Sharaɗi biyu sun isa a fara da su. Na farko, tebur da sauyinsa ya ninka haddinsa sau biyu, alamar autovacuum ya maƙale. Na biyu, babban tebur da ake taɓawa amma nazarinsa ya daɗe:

```
SELECT schemaname, relname, n_mod_since_analyze
FROM pg_stat_user_tables
WHERE n_live_tup > 1000000
  AND n_mod_since_analyze > 10000
  AND coalesce(greatest(last_analyze, last_autoanalyze), 'epoch')
      < now() - interval '3 days';
```

Lambobin nan ka daidaita su da abin da tarihinka ya nuna. Sai dai ka lura, bayan faɗuwar saba n_live_tup ma yana komawa sifili, don haka wannan tambaya za ta yi shiru a daidai ranar da ka fi buƙatarta. Ka haɗa ta da pg_class ka yi amfani da reltuples a madadinsa, tunda shi ba ya gogewa, sannan ka ƙara sharaɗi na uku da zai yi ƙara idan tebur mai reltuples sama da miliyan ɗaya ya nuna last_analyze da last_autoanalyze duka babu komai.